Abin da Na Ƙara a Bakin Mai Wa'azi

Jega, ranar Alhamis.

Zuwa ga Hannatu, uwata ta kaina,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe gidanmu har yau ba don wayon maigidan ba. Ina fata takardar nan ta ishe ki lafiya, ke da gwaggonki da mutanen gidanta can Aliero. Allah ya tsare fitarki da shigarki a kwanakin aikin nan da suka rage miki a asibitin, ya kuma daidaita miki hanyar Kwantagora, inda aka tura ki aiki, tun kafin ki taka ta. Mu nan lafiya lau, in ban da ƙafata ta hagu, wadda ke sanar da ni hadari kwana biyu kafin gidan rediyo ya ji labari.

Za ki ce me ya sami Baba yake rubuto takarda, alhali jibi Asabar kina gida. To, kin san ubanki. In na zaunar da ke don maganar kirki, kafin minti biyar na mai da ita raha, ki yi dariya, in yi dariya, uwarki ta ce to an tashi taro ke nan. Shi ya sa na sayi sabon biro. Ki yi haƙuri da rubutun. A aji biyu na sakandare na tsaya, kuma malaman ne suka riga ni gajiya.

Uwarki ta gaya mini abin da kika ce. Ta tuna miki ki karɓi takardar shaida ta ikilisiya kafin ki tafi ranar Litinin, wadda za ki miƙa wa faston can ya san cewa an yi miki baftisma, kina cin Jibin Ubangiji, ba ki ƙarƙashin horo. Kika ce a bar takardar, ba ki da niyyar shiga wata majami'a a can, addu'ar ɗaki ta ishe ki. Ta ce don me. Kika ce, "Mama, ki tambayi Baba." Ta kuwa tambaye ni. Ni kuma na sunkuya ina neman takalmin da ke ƙafata.

Na san dalilin, Hannatu. Shekara goma sha ɗaya ke nan da sanina. Kuma ba zan bari ki hau motar nan da shi a cikin jakarki ba. Amma bari in fara da ƙaramin laifi tukuna, in ɗumama hannu.

Shekarar da aka haife ki na ga kowa a ƙasar nan yana albasa, na ce ni ma ai ba a ƙafa aka ɗaure mini hannu ba. Malam Umaru na Sabiyal, wanda kika sani, mai kawo mana gero da kaka, ya yanka mini gefen fadamarsa. Albasa ta yi, na zuba ta a rudu, rumfar da ake ajiyar albasa, ina jiran ta yi daraja, na yi ta jira har ta fara laushi. Da na ga haka sai na yi dabarar da na ɗauka ni na fara ta a duniya. Na sa masu kyau a gindin buhu, masu kyau a baki, na cusa raunanan a tsakiya, na ɗinke. Ranar Lahadin makon da na yi haka kuwa ni na ja addu'ar buɗe sujada, har da rawar murya.

Muka kai kasuwar Aliero. Malam Umaru ya riga ya yi magana da dillali, sai shi Malam ɗin ya dafa buhun, ya matsa tsakiyarsa da gwiwa, ya dube ni.

Ya ce, "Ishaya, zo nan gehe."

Na bi shi. Ya rage murya ya ce, "Ni ban karanta littahinku ba. Amma in shi ya ce a yi haka, ka hwaɗa min in sani. Don yanzu na gama ce ma dillali kai mutumin coci ne, buhunka ba sai an zazzage ba."

Na ce, "Malam, yara ne suka cika buhun."

Ya ce, "Waɗanne yara? Ɗiyar taka da anka yi suna shekaranjiya?"

Ranar na wuni a tsakiyar kasuwa ina ware albasa ɗaya bayan ɗaya, ido na zubar da ruwa. Wani ya tambaye ni lafiya, na ce albasa ce. Ya ce shi dai bai taɓa ganin wadda ba a yanka ba ta sa mutum hawaye.

Maganar Allah ta ce Ubangiji yana ƙyamar mudun zamba. Kada ki tambaye ni sura da aya, ni lambobi ba sa zama a kaina, ki nema da kanki. Abin da nake so ki riƙe shi ne, a Kwantagora ba wanda zai ce ki jawo masa aya. Za a dubi ko kin wanke hannu lokacin da ba mai kallo. Za a dubi ko matar da ta zo haihuwa daga ƙauye ba takalmi kin yi mata magana da muryar da kika yi wa matar mai mota. Littafin ya yi faɗa sosai a kan masu ba mai tufafi masu tsada kujera su ce wa talaka ya tsaya can. Kuma in wani Musulmi ya tsaya miki don ya ji ke Kirista ce, ki sani ba sunanki kaɗai ya jingina ba. Kada ki sa shi ya janye maganarsa.

To, hannu ya ɗumama. Ga babbar.

Kin taso kin ishe ni tafinta a majami'armu, amma ba ki san yadda aka yi ba. Ikilisiyarmu kin san yadda take, rabi malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis da aka turo daga kudu, ba sa jin Hausa sai "ina kwana" da "nawa ne", rabi kuma mu ne da tsofaffinmu, waɗanda Turanci ke wuce mu kamar motar Legas. Dole a sami mai tsayawa a tsakani. Ni kuwa na yi shekaru ina masinja kafin a ba ni tsaron sito, na kwashi Turanci a bakin ƙofofin ofis, guntu nan guntu can. Aka ce Ishaya ya gwada. Na gwada, aka yi tafi, aka sa mini suna Baturen Zuru. Daga ranar kaina bai sake shiga hularsa daidai ba.

Aikin tafinta abu ɗaya ne, ka faɗi abin da aka faɗa. Ni kuwa sai na gano cewa in na ɗan yayyafa gishiri mutane suna dariya, kuma dariyar ba ta mai wa'azi ba ce, tawa ce. Ya yi kalma biyar, in yi goma sha biyar. Wani baƙon fasto ya taɓa ja na gefe bayan sujada ya ce in gaya masa gaskiya, yaya aka yi ya ce mu sunkuyar da kai mu yi addu'a, sai jama'a suka fashe da dariya. Na ce masa Hausa ce haka, tana da faɗi.

Malam Markus, baban Talatu, abokina ne tun kafin a haife ki. Matarsa ce ta riƙe ki ranar da aka miƙa ki a majami'a. Wata rana muna dawowa daga jana'iza a Dangamaji ya gaya mini abin da bai gaya wa kowa ba. Ya ce duk da yana koyarwa, a ɓoye burkutu ya kusa cinye shi. Ya ce shekara uku ke nan bai taɓa ba, amma har yanzu in ya ji warinsa sai ya tsallaka titi. Ya ce, "Ishaya, ka riƙa sa ni a addu'a." Na ce ba komai, ɗan'uwa. Na kuwa yi addu'ar, kamar sau biyu.

Sai aka zo zaɓen magatakardan ikilisiya. Ni na riga na ga kaina a teburin nan na gaba da babban littafi. Aka zaɓi Markus, don shi ya iya rubutun da ake karantawa. Na haɗiye. Bayan 'yan makonni, a taron dattawa, a gaban mutum shida, ya ce da ni a hankali, "Malam Ishaya, ka riƙa faɗin abin da aka faɗa kawai, tsofaffinmu suna ɗauka duk daga Littafi yake." Gaskiya ya faɗa. Da ƙarya ce da na manta da ita tuni.

Kin tuna sujadar godiyar kaka ta shekarar da kika cika sha biyu. An jera damman gero da buhunan albasa a gaban bagadi, 'yan'uwa sun zo daga Maiyama da Aliero, har a taga ana tsaye. Baƙon mai wa'azi, mutumin kudu, bai san kowa a cikinmu ba. Ya ɗauki labarin makiyayin da ya bar garkensa ya tafi neman tunkiya ɗaya da ta ɓace. Ya ce Allah ba ya gajiya da neman wanda ya ɓace. Na faɗi haka da Hausa. Sa'an nan na ji bakina ya ci gaba shi kaɗai. A'a, kin ga na fara. Ba shi kaɗai ya ci gaba ba, ni na tura shi, kuma tun a gida na shirya maganar ina aske gemu. Na ce, "Ko da tunkiyar a gidan burkutu ta ɓace, ta dawo ta riƙe biron ikilisiya tana gyara wa mutane Turanci."

Aka yi dariya, sai dariyar ta yanke, kawuna suka juya wajen teburin magatakarda. Baƙon ya ga jama'a ta motsa, ya ɗauka Ruhu ne ya sauko, ya ɗaga hannu ya yi halleluya. Markus ya rufe bironsa ya ajiye a kan littafin. Bai ɗaga kai ba.

Ga muguntar abin. Masu Turanci kaɗai ba su san me ya faru ba. Masu Hausa kaɗai suka ce ai baƙon nan bai san Markus ba, Allah ne ya buɗe masa ido ya tona asiri. Masu jin duka biyun ba su da yawa, kowa ya dubi takalminsa. Ke kuwa kina bencin gaba cikin mawaƙan yara, da ɗan kallabinki fari. A hanyar gida, kina bayana a kan babur, kika ce, "Baba, mutumin bai ce burkutu ba." Na ce, "Turancin manya ne, ba a koya muku shi ba tukuna."

Hannatu, kin ji daidai. Mutumin bai ce ba. Ni na ce. Na yi wa ikilisiya ƙarya da sunan Allah, na hau babur na yi wa ɗiyata ta biyu.

Sauran kin gani da idonki, ko da ba a yi miki bayani ba. Dattawa suka kira Markus, bai musa tarihinsa ba, aka ce ya ɗan ajiye littafin. Kafin damina ya koma wa abin da ya yi shekara uku yana tsallaka titi dominsa. Aka sa shi a horo, ya fi shekara a bencin baya, ba ya cin Jibi. Maman Talatu ta daina fitowa waƙar zumuntar mata. Ni kuwa ina gaba da hankicina, ina fassara wa'azin ƙauna.

Littafin ya kwatanta harshe da ɗan tartsatsin da ke cinye daji. Ya ce kada kowa ya yi ɗokin zama mai koyarwa, don masu koyarwa za a fi tsananta musu bincike. Ya kuma ja kunne ƙwarai a kan ƙara abu a maganar Allah. Duk na san su. To ke aikinki ya fi nawa haɗari. Mata za su gaya miki abin da ko mazajensu ba su sani ba, suna kwance, ba su da ƙarfin ɓoye komai. Ranar da wata ta ɓata miki rai, sirrinta zai hau kan harshenki da kansa, ya ce ga ni, yi amfani da ni. Kada ki yi. Ki shiga banɗaki ki kulle ki yi ta zagin bango in ya kama, amma kada ki yi.

Abu na biyu, kuma shi ne dalilin biron nan. Na lura tun daga ranar kin daina amsa amin da ƙarfi. In ana wa'azi sai in ga kina kallon bakin mai magana kamar yadda Malam Umaru ya kalli buhuna. Ban ga laifinki ba. Amma ki raba abu biyu. Wanda ya yi miki ƙarya ranar ubanki ne. Makiyayin da ke cikin labarin bai yi miki ba. Kada ki kori makiyayi saboda tafinta. Bangaskiyarki kada ki rataye ta a bakin wani mutum, ko fasto ne, ko mai manyan tabarau, balle tsohon masinja. Akwai mutanen wani gari da Littafin ya yaba, don in an yi musu wa'azi sai su koma gida su buɗe su duba ko haka ne. Ke kina da Hausa, kina da Turancin gaske mai satifiket. Ba ki bukatar Baturen Zuru. Ki buɗe ki karanta, in mai wa'azi ya ƙara gishiri za ki ji a harshenki. In kuma shakka ta kama ki, ki gaya wa Allah kai tsaye. Akwai wani uba a cikin Littafin da ya kawo ɗansa marar lafiya, ya gaya wa Yesu cewa ya gaskata amma bangaskiyar tasa gurguwa ce, a taimaka masa. Ba a kore shi ba.

Yanzu maganar addu'ar ɗaki. Shekara biyu bayan abin nan, kin tuna na faɗi da babur a hanyar Maiyama, daidai mararrabar Andarai, saboda akuyar da har yau nake zargin an aiko ta. Aka kai ni wurin maɗori a Aliero, na yi kwana arba'in a kan tabarma, ƙafa a ɗaure cikin karare. Ke kina makarantar kwana, ba ki ga wannan ba. Na yi addu'ar ɗaki a wurin nan har ta ishe ni, kuma Allah ya ji. Amma da ya tashi amsawa, da ƙafafun mutane ya amsa. Zumuntar mata suka raba kwanaki, yau wannan ta kawo kunu, gobe waccan ta zauna don uwarki ta je gida ta yi wanka. Matasa suka nome mini gonar gero. Wani malamin kudu da ba ma jin maganar juna sosai ya riƙa zuwa yana ɗaga ni in zaga.

Markus ma ya zo. Lokacin bai daɗe da fita daga horo ba. Sau uku ya hau mota daga Jega, sau uku ina jin sallamarsa na rufe ido. A zuwa na uku har minshari na ƙara, kin san ni da ƙari. Ya zauna, ya gyara mini tsumman da ke ƙarƙashin ƙafar, ya yi addu'a a hankali. Ya ce, "Ya Ubangiji, ka warkar da ƙafar ɗan'uwana Ishaya, ka kuma rage masa nauyin barcin nan." Ya tashi ya tafi. Uwarki ta ce, "Buɗe idon, ya kai titi."

Wannan ita ce ikilisiya, ɗiyata. A cikinta aka sami mai ƙara magana, a cikinta kuma aka sami wanda aka ƙara wa maganar yana gyara wa mai ƙarin tsumma. In kin guje ta saboda na farko, kin rasa na biyu. Littafin ya ce mu jiki ɗaya ne, gaɓa ba ta ce wa 'yar'uwarta ba ruwana da ke. Ni da na kwanta da ƙafa ɗaya a ɗaure na san wannan ba kwalliyar magana ba ce. Ya kuma ce kada mu bar taruwa kamar yadda waɗansu suka saba. Kina tafiya garin da ba ki da gwaggo. Akwai ranar da zazzaɓi zai kwantar da mai jinya. Akwai kuma ranar da wata za ta kwanta, Allah ya duba wa zai aika da kunu, ya ga Hannatu ta kulle ɗaki tana addu'a.

Ba na ce ki faɗa kowace majami'a ba. Ki zauna baya 'yan makonni ki saurara. Inda ake buɗe Littafi a karanta a bayyana, ki tsaya. Inda sunan fasto ya fi na Yesu fitowa, ko ake tallar mai da ruwa a kwalba, ki ɗauki jakarki kamar za ki zaga. Kada ki yi ɗokin teburin gaba, kin ga inda ya kai wani. In an ce a share majami'a ki ɗauki tsintsiya. In wani ya yi miki laifi, Yesu ya tsara abin dalla-dalla, ki same shi ku biyu tukuna, kafin kunne na uku ya ji. Da na bi wannan, da maganar ta ƙare a kan shayi.

Akwai wata koyarwa da na fassara da bakina aƙalla sau uku. Yesu ya ce in ka kawo baikonka gaban bagadi, ka tuna ɗan'uwanka yana da magana a kanka, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna. Na fassara ta da kyau, ban ƙara komai ba, don sauri nake a wuce wurin. Shekara goma sha ɗaya ina miƙa hannu ina karɓar gurasar Jibi. Tun da aka mayar da Markus kan littafin shekara huɗu da suka wuce, wani lokaci ma shi ke riƙe da farantin. In ce na gode, ya ce Allah ya yi albarka. Iyakar hirarmu ke nan.

Jiya Laraba da na tashi aiki na tafi gidansa. Na wuce ƙofar sau biyu kamar mai neman wani gida. Na sayi rake a bakin titi don hannuna ya sami abin riƙewa. Na ishe shi a gindin darbejiya yana duba takardun ɗalibai.

Ya ce, "Baturen Zuru. Yau hanya ta ɓace maka?"

Na ce, "Takardar Hannatu na zo karɓa."

Ya ce, "Ita ta aiko ka?"

Na ce a'a. Ya ce to, ya ci gaba da jan jar biro. Na zauna. Na yi masa maganar zafi, na yi masa maganar tsadar taki. Na fara ba shi labarin akuyar Andarai, sai na ji kunyar kaina ta kama ni a tsakiyar labarin.

Na ce, "Markus, baƙon nan bai ce burkutu ba."

Ya ce, "Na sani. Ina jin Turanci."

Na ce, "Ni na ƙara."

Ya ce, "Wannan ma na sani."

Na ce, "Da gangan na yi. Don in kunyata ka. Kai ka ba ni amana, na ɗauka na jefe ka da ita. Ka yafe mini."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sa'an nan ya ce, "Ƙwaryar da na koma na ɗauka, hannuna ne ya ɗauka, ba naka ba. Wannan mun gama da Ubangiji. Kai kuma na yafe maka tun kana minshari a Aliero. Amma Ishaya, har yau akwai tsofaffin da ke gaya wa jikokinsu cewa Allah ya taɓa tona mashayi ta bakin baƙo a majami'ar nan. Waɗansu saboda haka suke ɓoye abin da ke cinsu, suna tsoron Allah zai kunyata su a gaban jama'a. Ba sunana ke damuna ba. Allah ka yi wa ƙage."

Na ce, "To yaya zan yi?"

Ya ce, "A ina ka faɗa?"

Na ce, "A gaban kowa."

Ya ce, "To." Ya karya raken ya miƙo mini rabi.

Takardarki kuwa, ya ce tun makon jiya ya rubuta ta, fasto ya sa hannu, an buga hatimi. Amma ya ce takardar shaida ba a ba ɗan aike, ko da ɗan aiken ya yi masinja shekara goma. Mai ita ce za ta zo ta miƙa hannu. In ba ta zo ba, za ta zauna a cikin littafin, ba wanda zai bi ta da ita tasha.

Yau da safe na je wurin fasto na kwashe masa duka. Wannan faston bai zo ba lokacin da abin ya faru, ya yi ta kallona kamar ina ba shi labarin wata ƙasa. Ya ce zai ba ni lokaci ranar Lahadi bayan sanarwa. Ya ce dattawa za su zauna, mai yiwuwa in ɗanɗani bencin baya na wani lokaci, a dakatar da ni daga Jibi. Na ce ya yi daidai. Da zan fita na je na gwada bencin. Ba shi da majingina, kuma ƙafa ɗaya tana rawa, mun dace da juna.

Kada ki ɗauka ina yin wannan don in saye ki da shi. Ko kin karɓi takardar ko ba ki karɓa ba, ko kin zo sujadar ko kin zauna gida kina haɗa kaya, ranar Lahadi zan tashi. Zan faɗa da Hausa don tsofaffi, in maimaita da Turancina na bakin ƙofa don mutanen kudu. Zan ce baƙon bai faɗa ba, Allah bai tona kowa ba, ni ne, kuma hassada ce. Ba zan ƙara kalma ba, ba zan rage ba.

Tsorona ɗaya ne. In na ga idanu sun yi mini yawa, zan ji wata 'yar raha ta taso, kuma in aka yi dariya sau ɗaya shi ke nan, na sulale. Uwarki ta ce in ta ga na fara za ta yi tari. Amma shekara ashirin da shida ina jin tarin uwarki, ya daina shiga kunnena. Naki ne zan ji. Ƙarfe tara ake farawa.

Ubangiji ya kiyaye ki a hanyar Litinin, ya ba direba natsuwa, ya kau da mugun ji da mugun gani. Ya sa ki sami ɗaki mai iska da maƙwabta masu tsoron Allah. Ya albarkaci hannuwanki, duk jaririn da zai faɗo cikinsu ya zo da rai, uwarsa ta tashi lafiya. Ya haɗa ki da 'yan'uwa waɗanda suka fi ubanki riƙe baki. Ya riƙe ki ranar da kika ji kin riƙe shi, ya riƙe ki kuma ranar da kika ji hannunki ya sake. Amin.

Ki gaishe da gwaggonki, amma kada ki ba ta takardar nan ta karanta, don kafin Lahadi duk Aliero ta riga ni yin sanarwar.

Ni ne ubanki,
Ishaya.